Zazzagowar Mahaifa a Birnin Tarayya: Abin da Horar da Tsoka, Numfashi da Gyaran Zama ke Iya Yi

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki hanyoyi uku marasa tsada da ake nuna wa matan da mahaifarsu ta zazzago, wato horar da tsokokin ƙasan ƙugu, sarrafa numfashi, da gyara zama da tsayuwa, ta auna hujjar da ke bayan kowacce. Hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ta tsaya da ƙafafunta, ta biyu tana jingine da ta farko, ta uku kuwa da sauran aiki a kanta. Daga nan maƙalar ta gwada su da rayuwar matan Abuja da kewayenta, ta kawo shawarar a ɗora koyarwar a kan ranakun riga-kafin jarirai a asibitocin matakin farko na ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya.

Gabatarwa

Jarka mai cin lita 25 idan ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne, ban da na robar. A Mpape da Karmo da Gwagwa, da ƙauyukan Kuje da Kwali, inda ruwan madatsar Usuma bai isa kowane gida ba, macen da ba ta da kuɗin mai ruwa ita ce ke ɗaukar wannan jarka safe da yamma. Duk wanda ya tsaya bakin rijiyar burtsatse ya ga yadda ake yi. Ta sunkuya ƙafafu a miƙe, ta cika ƙirji da iska ta riƙe, ta cije leɓe, ta fizgo jarkar zuwa gwiwa, ta sake yunƙurawa ta kai ta kan gammo, ga kuma yaro goye a baya. Sai kayan sun zauna a ka sannan take sakin numfashin. A 'yan daƙiƙun nan duk matsin da ya taru a cikinta ƙasa yake nufa.

Idan matar nan ta je asibiti da kukan nauyi a mara, ko ta ce wani abu na leƙowa ta gabanta in ta daɗe a tsaye, abin da za ta fara ji shi ne ta daina ɗaukar kaya masu nauyi. A littafi shawarar daidai ce. Sai dai wanda ya ba ta bai faɗa mata wa zai ɗebo ruwan ba. Matsayar wannan maƙala ita ce, tunda ba za a raba yawancin matanmu da aikin ƙarfi ba, abin da ya rage wa ma'aikatan lafiya shi ne su koya musu yin sa ba tare da sun ƙara tura abin da ya riga ya sauko ba, su kuma faɗa musu gaskiyar inda amfanin koyarwar ya tsaya.

Abin da ke saukowa, da dalilin saukowarsa

Ba mahaifa kaɗai ke saukowa ba. Mafitsara kan danno bangon farji ta gaba, kuma wannan aka fi gani. Dubura kan danno ta baya. Mahaifar kanta kan zamo ta tsakiya, wani lokaci har bakinta ya fito waje. Abu biyu ne ke riƙe da waɗannan gaɓoɓi: jijiyoyi da tantani da suka rataye su daga sama da gefe, da kuma faffaɗar tsoka da ta shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya ta tokare su daga ƙasa. Kamar ƙwarya ce cike da nono a ragaya an kuma sa hannu an tallafe ta. Muddin hannun na nan igiyoyin ba sa wahala, ranar da aka janye shi kuwa nauyin duka ya koma kansu, su yi ta miƙewa har su saki. Jijiya in ta saki ba ta horuwa. Tsoka tana horuwa, kuma a kan wannan duk zancen motsa jiki ya rataya.

Haihuwa ce kan gaba wajen raunana tsokar. A 2004 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka kwaikwayi haihuwa a kwamfuta, suka lissafa cewa wani sashe na tsokar yakan miƙe fiye da ninki uku na tsawonsa lokacin da kan jariri ke fitowa. Wani binciken Oxford da aka buga a 1997, wanda ya bi mata sama da 17,000, ya gano cewa mai haihuwa biyu ta ninka wadda ba ta taɓa haihuwa ba kimanin sau 8 wajen kwanciya asibiti saboda wannan larura. Matan Birtaniya ke nan. A Najeriya kuwa binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya ƙiyasta haihuwa 5.3 ga kowace mace, 6.6 a Arewa maso Yamma, kuma haihuwa 39 kacal cikin 100 aka yi a asibiti. A ɗora doguwar naƙuda a gida, da yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danna ciki da hannu da sunan taimaka wa jariri, da kwanika. Daga baya yankewar al'ada ta zo ta busar da fatar wurin, ƙiba da tari da taurin bayan gida su ƙarasa.

Alƙaluman da suka fi kusa da mu sun fito ne daga inda aka bi mata ƙauye ƙauye aka duba su. A yankin Farafenni na Gambiya an duba mata 1,067, sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna 46 cikin 100 na da wani mataki na zazzagowa, 14 cikin 100 kuma tasu ta yi tsananin da take buƙatar magani. A yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, binciken 2018 ya sami kusan 65 cikin 100 a mataki na biyu zuwa na huɗu, ya kuma alaƙanta abin da ɗaukar kaya na sa'o'i da yawa a yini. A Nepal matsalar ta yi ƙamari har kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2008 cewa haƙƙin mata ne gwamnati ta magance ta.

Matakan da ake ambato na ma'aunin POP-Q ne, wanda likitoci suka amince da shi a 1996. A mataki na ɗaya abin ya sauko amma yana can ciki. A na biyu ya iso bakin farji. A na uku ya fito waje, a na huɗu kuma ya fito gaba ɗaya. Manyan asibitocin birnin nan, irin su Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999 da sunan asibitin mata da yara, da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, su ne masu tiyata, don haka waɗanda abin ya kai maƙura ne suka fi isa can. Masu mataki na ɗaya da na biyu, waɗanda motsa jiki ya fi yi wa amfani, suna gida suna haƙuri.

Horar da tsoka: inda hujja ta fi ƙarfi

Likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ne ya yi suna da wannan atisaye tun 1948. Abin da aka manta shi ne bai sallami mata da bayanin baki ba. Yana da na'urar da ke auna ƙarfin matsewa, mace na gani da idonta ko ta yi daidai. Sunansa ya zagaye duniya, na'urar da sa idon suka tsaya a hanya. A 1991 Richard Bump da abokan aikinsa suka gwada mata 47 bayan ɗan gajeren bayani na baki. Kusan rabi ne kawai suka matse yadda ya kamata, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa turawa suke yi ƙasa maimakon janyewa sama. Ma'ana, bayanin da aka yi a tsaye a bakin ƙofa yana iya mayar da magani cuta.

Gwajin da ya fi girma shi ne POPPY, wanda Suzanne Hagen ta Jami'ar Glasgow Caledonian ta jagoranta, mujallar Lancet ta buga a 2014. Mata 447 ne a cibiyoyi 25 na Birtaniya da Ostareliya da New Zealand. An raba su biyu. Kashi ɗaya suka ga likitar fisiyo sau biyar a cikin mako 16, ana duba su ana gyara musu. Ɗaya kashin aka ba su takardar shawarwari suka tafi gida. Bayan shekara guda, waɗanda aka horar sun fi samun sauƙin alamomin. Mai karatu zai lura cewa abin da aka bai wa kashin da aka bari don kwatance, wato takarda da fatan alheri, ya fi abin da mace ke samu a yawancin asibitocinmu.

A Norway, Ingeborg Brækken da Kari Bø sun horar da mata wata shida, a gwajin mata 109 da aka buga a 2010. Mata 19 cikin 100 na waɗanda aka horar sun koma baya da mataki ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuwa 8 cikin 100. Wannan adadi yana da fuska biyu, kuma ya kamata a nuna wa mace dukansu. Nauyin mara da jin kumburi sun ragu ga da yawa, amma mafi yawa abin bai koma mazauninsa ba. Horar da tsoka na rage wahala, tana iya hana abin ci gaba, amma ba ta mayar da mahaifar da ta fito waje. A kan irin waɗannan gwaje-gwaje ne hukumar NICE ta Ingila ta dogara a 2019 ta ce a fara da horo na aƙalla mako 16, ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ga masu mataki na ɗaya da na biyu.

Yadda ake yi ba wuya. Mace ta kwanta rigingine gwiwoyi a tsaye. Ungozoma ta ce mata, "Hajiya, ki matse kamar iska ce za ta kuɓuce miki a cikin mutane, sannan ki ja sama." Ta riƙe daƙiƙa uku ko huɗu tana numfashi, ta saki gaba ɗaya, ta huta, ta sake. A hankali a kai daƙiƙa takwas ko goma. Tsarin Norway shi ne matsewa 8 zuwa 12 da ƙarfi, zagaye uku a yini. In ta ƙware a kwance sai ta koma zaune, daga nan tsaye, domin a tsaye matsalar ke damunta. Alamomin kuskure a bayyane suke: fuska ta ɗaure, numfashi ya tsaya, cinyoyi sun haɗe, ciki ya turo. Sakin ma rabin aikin ne, domin tsokar da kullum take a ɗaure ciwo take jawowa. Kuma ba a mayar da tsayar da fitsari a banɗaki atisaye, yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka.

Zagaye uku a yini abu ne da ake mantawa. Ga macen da ke salla sau biyar, ɗaura atisayen da zaman bayan sallar Asuba da La'asar da Isha ya fi kowace ƙararrawar waya.

Numfashi

Tsakanin ƙirji da ciki akwai shamakin tsoka wanda shi ne injin numfashi. In an shaƙi iska ya sauka, in an fitar ya hau. A 2011 Helena Talasz da abokan aikinta a Ostiriya suka nuna da hoton MRI cewa ƙasan ƙugu na bin sa sau da ƙafa, ya sauka da shaƙa ya hau da fitarwa. Kafin nan, a 2007, Paul Hodges da Ruth Sapsford na Jami'ar Queensland sun nuna cewa tsokokin nan na aiki tare da na numfashi da na tsayuwa ko mutum bai nufa ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci laifin mai jarka. Ta cika huhu, shamakin ya sauka, ta toshe maƙogwaro, sannan ta matse ciki.

Gyaran gajere ne: a fitar da iska lokacin ƙoƙari. Ta matso da jarkar tsakanin ƙafafunta, ta lanƙwasa gwiwa, ta matse tsokar ƙasa, sannan ta ɗaga tana hura iska ta baki. In akwai dakali ta fara ɗora ta a kai kafin ka. In da hali ta raba ruwan biyu, ko da sawun zai ƙaru, ta kuma sauke goyo kafin ta ɗauka. Matsewa gab da ƙoƙari dabara ce da Janis Miller da James Ashton-Miller da John DeLancey suka gwada a Michigan a 1998, suka ga zubar fitsari lokacin tari ta ragu ƙwarai cikin mako guda da koyo. Gwajin na fitsari ne, amma tsokar ɗaya ce, shi ya sa aka sa dabarar cikin horon Norway.

Akwai abin lura a tsakar gidajenmu. Matan da ke lugude a turmi suna waƙa, ko suna sakin ɗan nishi da kowace saukar taɓarya, ba sa riƙe numfashi, domin mai waƙa ba ta iya riƙe shi. Ma'aikaciyar lafiyar da ta rasa yadda za ta yi wa tsohuwa bayanin shamakin ƙirji tana iya ce mata, "Inna, in za ki ɗaga, ki ɗaga kina magana." Ko bisimilla ce a bayyane ta wadatar.

Sai kuma wani salo da ya cika bidiyoyin intanet, inda ake fitar da iska duka, a buɗe haƙarƙari, ciki ya shafe kamar an zuƙe shi. Marcel Caufriez ɗan Beljiyam ne ya fito da shi a shekarun 1980, da iƙirarin yana janye gaɓoɓi sama. Ana Paula Resende da abokan aikinta a São Paulo ta Brazil sun gwada shi. A 2012 suka ga ƙara shi a kan horon tsoka bai ƙara komai ba, a 2019 kuma suka ga horon tsoka ya fi shi. Yana da kyan gani a bidiyo, amma macen da ke da minti goma a yini gara ta kashe su a kan abin da aka tabbatar.

Tari da bayan gida su ma zancen numfashi ne, kuma sun fi jarka yawan maimaituwa. Mai girki da itace a rufaffen madafi tana tari shekara da shekaru, ƙurar hunturu ta ƙara mata. Tarin da ya wuce mako biyu gwajin tarin fuka yake buƙata, ba atisaye ba. Bayan gida kuwa wuri ne da ƙauye ya fi birni sa'a. A 2003 Dov Sikirov ya gwada mutum 28 a Isra'ila, ya ga tsuguno ya fi zama a kan masai na zamani saurin biyan buƙata da ƙarancin yunƙuri. Gidajen Gwarinpa da Lokogoma galibi masan zama ne. 'Yar kujerar katako a ƙarƙashin ƙafa, yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo, ta magance wannan. Ragowar aikin na tukunya ne: miyar kuka da kuɓewa da zogale da rama da wake, da shan ruwa, a rage dogaro da burodi da farar shinkafa da taliya.

Zama da tsayuwa

A nan ne ake yawan alkawari, a nan kuma hujja ta fi ƙaranci. Sapsford da abokan aikinta sun nuna a 2006 da 2008 cewa tsokokin ƙasan ƙugu sun fi aiki in mace ta zauna a miƙe fiye da in ta zube a kujera. A 2000 kuma wani binciken Amurka ya ga cewa matan da lanƙwasar ƙasan bayansu ta baje sun fi samun zazzagowa. Amma ganin abu biyu tare bai nuna wane ya haifi wani ba, kuma duk mai sayar da darasin gyaran tsayuwa a matsayin maganin zazzagowa ya wuce gona da iri.

Abin da za a iya faɗa shi ne mai sauƙi. Ma'aikaciyar da ta taso daga Mararaba ko Nyanya tun duku-duku, ta sha cunkoso a takure cikin mota, ta yini a zube gaban kwamfuta a sakatariya, ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa, ta zauna a kan ƙasusuwan zama. Mai shara ta nemi tsintsiya mai dogon hannu. Wadda nauyin ke ƙaruwa mata da yamma, kamar yadda ya saba, ta kwanta minti goma ko sha biyar da matashi a ƙarƙashin ƙugu.

Birnin tarayya na da wata dama ta bincike da ba kowa ke da ita ba. Matan Gbagyi, 'yan asalin wannan ƙasa, a kafaɗa da bayan wuya suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, maƙwabtansu kuwa a ka suke ɗauka. Al'ummu biyu ne a ƙasa ɗaya, abinci kusan ɗaya, nisan rafi ɗaya, yanayin ɗaukar kaya daban. Ɗalibin da ke neman abin nazari a Gwagwalada ba sai ya je nesa ba.

Jego, kunya da kasuwar matsi

Al'adar jego ta riga likitoci gane darajar hutu. Kwana arba'in mace ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, uwa ko kaka ko goggo na tsaye a kanta, kuma kwanakin nan su ne lokacin da tsokar da ta miƙe ke haɗa kanta. Abuja na cinye wannan gata. Ma'aurata na zaune a ɗaki ɗaya a Dutsen Alhaji ko Lugbe, dangi na Katsina ko Sakkwato, wadda ta zo wankan jego ta koma bayan suna ko jim kaɗan, mai jego ta tashi ta kama aiki. Ba kuma duk abin da ke cikin jego ne abin riƙo ba. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka alaƙanta ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Ɗaure ciki tamau, da zani ko da bel ɗin da ake tallatawa yanzu, likitocin fisiyo na gargaɗi a kansa, domin cikin da aka matse ta tsakiya ƙasa yake tura abin da ke ciki.

Kunya ce ke riƙe mace shekaru. Wata na zaton basir ne, wata na tsoron daji, wata na tsoron a yi mata kishiya in miji ya sani. Wadda fitsari ke ɗigo wa kuma tana da damuwar da ba ta cikin littattafan Turai: alwalarta ba ta tsayawa, tana sake zani kafin kowace salla, ta daina zuwa masallacin Juma'a da islamiyya. Sau da yawa wannan ne ke kai ta asibiti, ba ciwon ba, kuma ma'aikacin da ya tambaye ta yadda take fama da alwala zai ji abin da ba zai ji ba in ya tambayi mara kai tsaye.

Kafin asibiti kuwa ta riga ta biya ta kasuwa. Cinikin kayan mata ya bunƙasa a Abuja, a shaguna da Instagram da WhatsApp, kuma matsi na cikin abin da aka fi saya. Mace ta ji jikinta ya saki, ta sayi abin cusawa mai ɗauke da alif ko bagaruwa. Abin da yake yi shi ne ya busar da fata ya tsuke ta na 'yan sa'o'i. Tsokar da ke can ƙarƙashi bai taɓa ta ba, fatar kuma in ta bushe ta fi saurin tsagewa. A karkara har yanzu ana samun yankan gishiri, wanda likitocin arewa suka daɗe da sanin yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Masu wannan kasuwa sun fi asibiti abu ɗaya: suna magana da mace da harshenta, a asirce, ba layi.

Inda atisaye ya tsaya

Mataki na uku da na huɗu sun fi ƙarfin motsa jiki shi kaɗai. Akwai zoben roba mai laushi da ake sa wa a farji ya tokare mahaifa, wanda ake cirewa a wanke a duba wurin bayan 'yan watanni. Ya dace da wadda ba ta gama haihuwa ba, da tsohuwar da tiyata za ta yi wa nauyi. Tiyata na aiki, amma ba a gama da ita sau ɗaya ga kowa: wani binciken Amurka na 1997 ya ga kusan 29 cikin 100 na ayyukan da aka yi maimaici ne. Ragar roba da aka riƙa dasawa ta farji kuwa hukumar FDA ta hana sayar da ita a Amurka a Afrilun 2019 saboda illolinta. Ko bayan tiyata, tari da yunƙuri da jarka na nan suna jira.

Wasu alamomi ba a jira da su: gyambo a kan abin da ya fito, kasa yin fitsari, jini bayan yankewar al'ada, da fitsarin da ke zuba dare da rana ba tsayawa. Na ƙarshen nan yoyon fitsari ne, larura daban, kuma cibiyoyinta na ƙasa suna Babbar Ruga a Katsina, da Ningi a Bauchi, da Abakaliki.

Shawara: a bi mace inda take zuwa

Likitocin fisiyo da suka ƙware a lafiyar mata 'yan kaɗan ne, kuma a manyan asibitoci suke. Mace daga Abaji ko Rubochi ba za ta yi sawu biyar zuwa tsakiyar birni don a koya mata matse tsoka ba. Amma akwai wurin da take zuwa ba a kira ta ba. Jadawalin riga-kafin jarirai na Najeriya ya sa uwa ta kawo ɗanta a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9. Mako na 6 ya zo daidai da fita arba'in. Ziyara uku ke nan a cikin wata biyu, da ta huɗu don bibiya, abin da ya yi kusa da tsarin POPPY, kuma ba a ƙara wa kowa kuɗin mota ba.

A yanzu ranar riga-kafi ta jariri ce. Uwa na zaune a benci sa'a biyu da kati a hannu, a auna yaro, a yi masa allura, ba wanda ya tambaye ta jikinta. Abin da ake buƙata shi ne ungozoma ko jami'ar lafiya ɗaya da likitar fisiyo ta horar, da gado ɗaya a bayan labule, da safar hannu, domin binciken Bump ya nuna cewa in ba a duba ba ba a san me mace ke yi ba. Koyarwar numfashi da ɗaukar kaya ana iya yin ta a taro, da jarka ta gaske a tsakiyar ɗaki. Duba tsoka kuwa ɗaya bayan ɗaya ne, kuma mace ce za ta yi. Tsofaffin da suka rako jikoki su ma a tambaye su, domin a cikinsu larurar ta fi yawa. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, shi ne inda ya dace kuɗin horon ya fito.

Saura aunawa. Hagen da abokan aikinta sun tsara tambayoyi bakwai da mace ke amsawa game da alamominta, ana tara maki daga 0 zuwa 28, kuma da su aka auna sakamakon POPPY. An mayar da su harshen Amharik a Habasha a 2017. Matakin farko a nan shi ne a mayar da su Hausa da Gbagyi, a gwada su a bakin matan da za su amsa, sannan a ɗauki asibitoci biyu, ɗaya a Bwari ɗaya a Abaji, a rubuta makin kowace uwa a mako na 6, a sake rubutawa ranar allurar ƙyanda a wata na 9.